Na Farka a Kasuwar Barci

Shekara uku ina buɗe rumfa
da kalma biyu a bakina: "Ba kasuwa."
Kafin in kwance dilar gwanjo
na riga na yanke wa yinin hukunci.
Mai saye ya tsaya, ya taɓa riga,
ni kuwa idona na kan waya.
Ya taya, in ce albarka
ba tare da na ɗago ba.

Lantana mai kunun gyaɗa ce ta faɗa min,
tana cika min kofi:
"Barau, kai ke fara korar su.
Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma."
Haushinta ya raka ni har Tudun Nufawa.

Washegari na jefa wayar aljihu.
Na hura gawayi, na goge rigunan ɗaya-ɗaya.
Inda nake cewa babu,
na koyi cewa tukuna.
Wanda ya taya ya wuce
na riƙe sunansa, da faɗin kafaɗarsa.

Ba a dare ɗaya ba.
Wata Laraba ruwa ya tsuge,
ko safa ban sayar ba.
Tsohuwar maganar ta hau har kan harshe,
na haɗiye ta da ruwan leda.

Jiya wani malamin makaranta daga Kakuri
ya shigo da abokansa biyu:
"Ga wanda ya ajiye min shuɗiyar nan."

Lantana ta gifta da bokitinta.
"Yaya kasuwa?"
Na ce, "Sai godiya."
Na sha faɗin haka a baya,
yau ne dai na ji ɗanɗanonsa.