Fuska da Ƙeya

Ƙarfe biyun dare a Porto, ruwa na bin gilashin taga.
Ni kaɗai ce a hawa na uku, sai firiji mai gurnani.
A ɗan farantin da bai kai tafin hannu ba
ina kiwon ƙwayoyin halitta daga ƙodar wata karya
da ta mutu tun ban zo duniya ba.

Jiya da la'asar na zare musu kalsiyam daga ruwan shansu.
Muguntar sana'a ce.
Suka saki juna, kowace ta dunƙule curi,
ba gaba, ba baya,
na sama ya gangaro, na ƙasa ya haura,
kamar kayan wanda aka kora daga gidan haya.

Yanzu na mayar musu. Na rufe, na ja kujera.

Babana, Aníbal Carvalhais,
shekara arba'in yana liƙa tayil, shuɗi a kan fari,
a bangon coci da na masu kuɗi.
Yakan juya guda a hannunsa mai kanta, ya ce,
"Benedita, duba nan: santsi, na ido ne da ruwan sama.
Nan kuwa kaushi, don siminti ya sami abin cizo.
Juya shi ki gani, bango zai tofar da shi."
Amma shi, wuta ce ta ba tayil ɗinsa fuska.
Nawa ba wanda ya gasa su.
Ƙwaya in tana ita kaɗai ba ta san sama ba,
sai ta ji daɓe a ƙarƙashinta,
sai kafaɗar maƙwabciya ta goge ta,
sannan take tuna inda za ta kalla.

Minti arba'in. An fara.
Koren haske na taruwa inda biyu suka haɗu,
ƙugiya na laluben ƙugiya.
Zaren aktin ya ja ɗamara a wuyan kowace,
ta wannan ta sarƙe ta waccan.
Can ciki, bututan da suka baje kamar wayoyin ƙafar keke
suna barin cibiya, suna miƙewa tsaye,
'yan dako na binsu da ƙunshi:
wannan na rufi ne, wancan na daɓe.
Furotin na sama in ya tarar da na ƙasa a unguwarsa
sai ya shafa masa alama ya kora shi,
shi ma na ƙasan ba ya raga masa.
Da wannan 'yar tsama gidan yake tsaye.

A watan Maris na roƙi likita
ta nuna mini abin da aka yanko daga hanjinsa.
Da ma ban iya karatun ba.
Sahun da ya kamata ya tsaya kafaɗa da kafaɗa
ya hau kan juna, tuli a kan tuli,
wasu sun huda daɓen sun nutsa,
babu mai fuska a cikinsu, babu mai ƙeya.
Ya ce, "Me kika gani?"
Na ce, "Wani ya liƙa tayil a juye."
Ya yi dariya har ɗinki ya ja shi.
"Aikin ɗan koyo ne. A ɓamɓare a sake."

An ɓamɓare, kamu ɗaya da 'yan yatsu biyu.
Sauran, ba wanda ya yi mana alkawari.

Gari ya soma wayewa, tsuntsayen teku na tsegumi a kan rufi.
Na tsoma wayoyi biyu, na tura lantarki ya ƙetare shimfiɗar.
Ya ƙi wucewa da sauƙi. Bango ya kama.
Na rubuta lambar a gefen littafi,
na ɗauki lema da makulli.
Jirgin farko zai haye gadar Douro da ni zuwa Gaia,
inda yake zaune tun ɗazu a bakin gado
yana jiran kofin da likita ta hana shi,
yana bin bangon kicin da babban yatsa,
layi bayan layi.