Tafinta a Shari'ar Rodi

Aikina baki ne.
Abin da lauya ya tauna da Turanci
ni nake juye wa jama'a da Hausa.
Shekara goma sha ɗaya ina yi,
na fassara rikicin fili, na fassara cek na bogi,
kalma ba ta taɓa guje mini ba
sai Talatar da aka kira shari'ar rodi.

Ga yadda take.
Wata ƙasa can bayan teku ta ɗaure wa masana'antunta gindi,
ta biya musu wuta, ta yafe musu bashi,
ƙarfensu ya iso da araha kamar kayan sata.
Hukuma ta ɗora masa haraji don sikeli ya daidaita.
Alhaji Barau, mai tirela tara,
ya ce an yi lissafin da ido ɗaya,
ya kawo ƙara.

Mai shari'a ta dube ni ta saman tabarau.
Na ce, harajin ramuwa.
Sai na ji ya yi kama da gaba.
Na ce, harajin cike giɓi.
Wani dattijo a baya ya tuntsire,
giɓin nasa a waje.

A bencin hagu, Ishaya Bako,
shekara ashirin a bakin tanderu a Kakuri,
wuta ta lashe gashin hannunsa tun yana saurayi.
Takardar sallama tana aljihunsa, ninki huɗu.
In harajin ya tsaya, an ce za a sake hura wutar.

A bencin dama, Sallau,
ƙanena, ciki ɗaya.
Ya garƙame shagonsa a Panteka ya zo
da idon da hasken walda ya mayar garwashi.
In harajin ya tsaya,
ƙofar da yake haɗa wa wata malamar firamare
ta fi ƙarfin albashinta,
ga shi ya karɓi kafin alƙalami tun kafin azumi
ya kuma ci.

Ni a tsakiya, da rantsuwa a wuya:
kada in ƙara gishiri, kada in rage.

Lauyoyi suka yi ta jifan juna da lamba,
tan kaza, kashi kaza cikin ɗari,
shafi na ɗari uku da bakwai, sakin layi na biyu.
Fanka tana juyawa kamar ba da son ranta ba.
Aka kawo shaida: guntayen rodi biyu, 'yan sha biyu,
kowanne da takarda ɗaure
kamar jarirai a asibiti.
Mai shari'a ta ɗauki ɗaya a dama, ɗaya a hagu,
ta jinjina.
Ƙarfe bai ce uffan ba.
Shi kaɗai ranar bai nemi tafinta ba.

Ta ce kotu ba ta zauna don tantance
tukunyar wa za ta tafasa ba,
tambayarta ɗaya: an bi ƙa'ida wajen lissafi?
Ta mayar da takardu ga hukuma,
a sake ƙirga, kwana casa'in.

Na buɗe baki na faɗa musu daidai yadda ta faɗa.
Sallau ya ce, to wa ya ci?
Wannan ba ya cikin abin da aka ba ni in fassara.

A waje hadari ya haɗo daga gabas.
Babur ɗin Sallau ya ƙi tashi.
Ishaya ne ya tura shi, har sau uku,
ya shafa waldar kariyar da babban yatsa
ya ce, hannun wa?
Sallau ya ce, nawa.
Ya ce, ba laifi. Rodin dai ba namu ba ne.
Sallau ya ce, hau, zan sauke ka a bakin gada,
man ba zai kai Kakuri ba.

Ruwa ya tsuge kafin su sha kwana.
Na koma ciki. Akwai shari'ar akuya da ƙarfe biyu.