Bugun Farko

Ran Alhamis muka tsince shi a Kasuwar Dole,
cikin tulin takardun da mahauta ke saye don ƙunshe tsire.
Dala arba'in. Zanaidu ya taya, ni na biya.
Bango ya tafi, saura rabin fiffiken wani dodo
da Faransancin da ya fi na malaminmu na lise tauri.

Gara ta riga mu karatu.
Ta cinye daga shafi na sittin zuwa saba'in da huɗu,
daidai inda aka faɗi abin da ake yi wa wanda ya faɗi.
Don haka a wasanmu, wanda ya mutu ya mutu.

Ƙwayar jifa mai fuska ashirin, ba mu da ita.
Kiyari ya kai ƙwallon goruba gun wani maƙeri a Zango,
kwana uku suna bin ta da magagari.
Ta fito a karkace, ba ta son komai sai bakwai.
Muka karɓe ta haka, yadda ake karɓar ɗan'uwa.

Bayan isha'i, kan falalen dutse a bayan Birni,
dutsen na amayo mana zafin da ya sha da rana,
fitilar ƙwai guda, shayi zagaye uku,
Falmata da kayenta na lissafi
tana zana hanyoyin kogo gida-gida da jan bik.
Ni ke jan labari. In ce: ga ƙofa, a rufe take.
Sai gardama ta kaure har kananzir ya ƙare.

Wancan bugun bai san ragowa ba.
Boka ya fito duniya da ran ɗan tsako
da laƙani ɗaya tak a wuni;
in ya jefa, sai ya laɓe bayan jaki.
A ƙirga kibiya, a ƙirga igiya, a ƙirga salkar ruwa,
mu kuwa ƴan Damagaram, wa zai koya mana ƙirgen ruwa,
mu da jarkarmu ke kwana a layin famfo?
Jarumin Zanaidu, wata tara yana rainonsa,
ɓera ya cije shi a gindin rijiya. Ƙwaya ta ce bakwai.
Zanaidu bai sake ce mini uffan ba sai ran Sallah.

Jiya ɗan ƙanwata ya zo daga Yamai
da sabon bugu, ban riƙe ko na nawa ba ne,
takarda sumul kamar tangaran, tana ƙamshin kanti.
Jarumi ya sha sara, ya yi barci, ya tashi garau.
Kowa na da tsafi, har ɓarawo.
An yi wa komai doka, har ƙofar da ke rufe.
Ya ce, Kawu, ai naku duk kurakurai ne.
Da gaskiyarsa.

Sai na buɗe wajen shafi na sittin
na karanta abin da gara ta ɓoye mana shekara talatin.
Layi huɗu ne kacal:
a kai gawar gidan tsafi, a zube zinariya, ya miƙe.
Ashe da an tashe shi, Zanaidu.

Na so in kira ka in faɗa maka.
Lambarka na nan a wayata, na kasa gogewa.
Kiyari na aikin duwan a Magarya, bai cika ɗagawa ba.
Falmata ungozoma ce a Mirya,
ta ce kayen, yaranta sun yi jiragen sama da shi.

Ƙwayar goruba tana cikin gwangwanin madara, bisa kanta.
Na sauko da ita, na mirgina a tabarma.
Yaron ya duƙa, ya kanne ido, ya ce, Kawu, nawa?
Lambobin duk sun goge.
Na ce masa bakwai.