Mai Aski a Gaban Attajiri

Shekara arba'in da ɗaya ina aski a Ghent,
a shagon da ke fuskantar kogi.
Na riƙe haɓar alƙali, na riƙe ta matuƙin kwalekwale,
har na ce fuska ba ta da sauran sirri a wurina.

Sai ga ni ran Talata a gidan tarihi,
ɗaki na bakwai, inda katakon daɓe ke kuka,
gabana wani attajiri da sunansa ya ɓace,
shekara ɗari huɗu yana kallon ƙofa
kamar mai jiran wanda ya ci masa bashi.

Tuur mai gadi ya auna ƙyallena,
ya buga hatimi a bayansa.
Doka ce, wai kwafi ya gaza na asali da taƙi guda,
kada wata rana a yi musanya.
Na yi dariya. Wa zai ɗauki nawa?

Godelieve, malamarmu, ba ta kai 'yata shekaru ba.
Ta ɗauke farin fenti ta jefa aljihu.
"Da duhu ake farawa.
Shafa jar ƙasa, ka bar ta ta kwana bakwai."
Kwana bakwai!
Ni da ke sallamar kai kafin shayi ya huce.

Mako na uku ta sa na shimfiɗa kore a kumatunsa.
Na ce, gawa za mu zana?
Ta ce jini daga baya yake zuwa.
Haka kuwa: siririn ja, an ɗan ƙara masa mai,
sai mutumin ya yi kamar zai yi tari.

Wuyan rigarsa mai ninki-ninki, fari fat daga nesa.
Na matsa. Toka ce, da ruwan ƙwai,
da shuɗin kogi da asubar hunturu.
Farin gaske ɗigo uku ne kacal,
na ƙirga.

Gemun ne ya kayar da ni.
Hagu ya fi dama tsawo,
ga wani tsiro a ƙarƙashin kunne
da wani malalacin mai aski ya tsallake
tun ba a haifi kakan kakana ba.
Hannuna bai yi shawara da ni ba,
ya rage, ya daidaita, ya share.

Godelieve ta daɗe tsaye a bayana.
"Wannes, ka yi masa aski."
"Yana bukata."
"Bai zo shagonka ba. Kai ka zo nasa."
Ta miƙo wuƙar kankara.
Aikin kwana tara ya taru a bakinta
kamar kumfar sabulu.

Ranar da ruwan sama ya hana baƙi zuwa,
Tuur ya duƙufa kan igiyar takalminsa,
ni kuma na ƙetare layin da taki ɗaya.
Can cikin gemun, kusa da tsiron nan,
gashi ɗaya ba zane ba ne.
Na buroshi ne, ya tsinke ya maƙale,
fenti ya bushe a kansa.
Ko maigidan bai gani ba,
ko ya gani, aka kira shi cin abinci,
ko ya gani ya ce, zauna nan, ai cikin 'yan'uwanka kake.

Na koma kan kujerata
na mayar masa da tsironsa, ɗai-ɗai.

Har yanzu kunnen bai zauna ba,
idon dama yana kallon wani gari daban.
Amma jiya a jirgin ƙasa
wani tsoho ya zauna gabana, gashin baki a karkace,
hasken taga ya faɗa masa a gefen hanci,
akwai kore a ciki, wallahi akwai,
kuma yatsuna, masu warin mai,
ba su nemi almakashi ba.
Na wuce tashata da biyu.