Rake Na Je Sayarwa

Ni rake na je sayarwa, ba kallo ba.
Dami biyu a bayan keke, wuƙa a ƙugu,
na kafa gindin ƙiryar nan ta bayan kasuwar Auyo
inda aka jera amalanke huɗu, aka ɗora katako,
wai dandamalin bikin kaka.

Masu kalangu sun yi nasu sun sauka.
Mai kukuma ya kwashi liƙinsa ya tafi neman shayi.
Sai ga wani siriri kamar sillen kara,
Mantau, mai gyaran rediyo na bakin tasha,
wanda ya riƙe mini nawa wata uku bai gyara ba.
Na ce a raina, yau ga ni ga ka.

Jitarsa ba ta kanti ba ce.
Cikinta galan ɗin baƙin mai, wuyanta ƙafar tsohon benci,
tsirkiya biyar, duk wayar birkin babur.
Ta shida, in ji shi, ba ta iso ba tukuna.
Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya taɓa ta farko, ta yi gyaran murya.
Ya taɓa ta biyu, sai ga ƙofar langalanga
irin ta ɗakin kakata, mai kukan neman mai.
Ya zura ɗan yatsa a fankon kwalbar turare,
ya ja ta bisa wayoyin a hankali,
sai guga ya sauka rijiya.
Na ji igiya na gogar itacen baki,
na ji ya taɓa ruwa can ƙasa, tsulum.
Wata mata kusa da ni ta waiwaya tana neman rijiyar.

Daga nan zabi suka tashi a cikin gero.
Daga nan injin niƙa, da tarinsa, da shaƙewarsa.
Bai buɗe baki ba ko sau ɗaya,
amma garinmu kaf ya bi ta cikin galan ɗin nan
kamar awaki a ƙofar garke.

Ana haka janareta ya shiɗe.
Duhu ya rufe, lasifika ta yi gum.
Samari na ihu, "Mai! A kawo mai!"
Mantau ya diro ƙasa,
ya roƙi randar Tabawa mai kunun zaƙi, da ma ta ƙare,
ya kwantar da ita, ya tura gindin jitar a bakinta, ya durƙusa.
Amon ya fito da kauri, da sanyin yumɓu.
Mai son rabonsa dole ya kama bakinsa.
Ɗaruruwan mutane, ko tari babu.

A nan ya yi mini abin da ban shirya masa ba.
Ya sassauta waya guda har ta yi laushi,
ya ja wani amo mai hawa, ya karye shi a tsakiya.
Fito ne.
Irin wanda yayana Barau ke yi
in ya taso daga fadama da magariba,
Inna na faɗa, wai zai kira mana mutanen ɓoye.
Shekara tara rabona da jin sa.
Mantau bai san Barau ba, na rantse bai san shi ba.
Na tsaya da wuƙa a hannu, gaɓar rake ban gama ferewa ba,
ina kallon hanyar fadama kamar wawa.

Da wuta ta dawo, dami ɗaya ya yi ƙafa.
Tuƙa har gindin keke, yara na lasar hannu.
Ban tambayi kowa ba.

Da safe na bi ta bakin tasha.
Rediyona na nan kan benci, ciki a buɗe,
an zare masa waya guda, doguwa.
Ya ga na gani. Ya sunkuya yana sosa ƙeya.
Na ce, "Bar shi. Ta shidan ce?"
Ya ce, "In ta yarda."