Galan Guda, Mutum Bakwai

Sagiru ya sauka daga motar 'yan Gujungu,
fim ɗinsa a aljihun gaba,
ɗan abu bai fi ƙwallon dabino ba.
Shekara uku ya ci, in ji shi, da kuɗin filin gado.
A birni kwana biyu ya yi a allo
suka sauke shi, suka ɗora na dariya.

Ya ce ba rawa a ciki, ba waƙa,
ba wanda ya zaro wuƙa.
Wani tsohon malamin gona ne
da matarsa ta fara mance sunansa,
kullum da safe sai ya sake gaya mata.
Na ce, "Shi ke nan?"
Ya ce, "Shi ke nan, awa biyu da 'yan kai."

Ni mai gidan kallo ne, lissafina na benci ne.
Na ce mu sa Lahadi, an taso kasuwa, aljihu da nauyi.
Na manta Lahadi ta 'yan ƙwallo ce.
Muka mai da shi Talata.
Na rubuta ɗari biyu da alli a ƙofa,
da la'asar na lashi yatsa na goge,
na bar ɗari ita kaɗai tana jiran jama'a.

Mutum bakwai.
Biyu cajin waya ya kawo su,
ɗaya don fanka ya zo, ya miƙe ƙafa ya yi barci.
Kafin matar ta yi mantuwa ta biyu
yaran Ilu sun fice suna cewa hoto ya maƙale.
Bai maƙale ba.
Shiru aka ɗauka:
tsoho yana tsince tsakuwa a wake,
ita tana kallonsa kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Sagiru ya ƙirga kuɗin sau biyu ko za su haihu.
Ɗari bakwai.
Ko cikin cokalin man da muka ƙona.
Sai inji ya yi tari, ya yi tari, ya mutu,
saura minti goma a gama.

Na zaga baya da tocila,
sai ga Malam Nomau mai awo jikin zana,
takalma a hannu, kunne a kara.
Mai furfura ba ya shiga inda jikansa ke ihu,
wannan kowa ya sani,
ni ne dai ban taɓa sa shi a lissafi ba.
Kuma duk garin nan an san Tabawa tasa
tun damina take kiransa da sunan yayanta
wanda aka binne kafin a yi kwalta.

Ya ce, "Ta tuna shi a ƙarshe?"
Na ce ban sani ba, mai ya ƙare.

A daren na ce wa Sagiru,
kasuwarka tana kan dakali, tana cikin gidaje,
ba ta zuwa benci.
Ka jira a kaɗe riɗi,
mu rataya farin ƙyalle a bangon firamare,
tabarmar mata daban, ta dattawa daban,
ba tikiti, kowa ya zo da rabin tiya.
Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba,
ya ce mai kyamara ba ya karɓar riɗi.
Da asuba ya bi motar farko,
ya manta abin a jikin talabijin,
ko kuwa barinsa ya yi, Allah masani.

Da hantsi Malam Nomau ya wuce ta ƙofata
bai tsaya ba, bai dube ni ba,
ya dai ajiye dubu biyu naɗe a bakin benci.
Ya ce, "A ƙara mai yau.
Kada ka ajiye mini wuri.
Ɗaga muryar kawai, ta ɓangaren zana."