Gado na Tara, Gado na Goma

A asibitin Shika, ɗakin mata na sama,
inda fanka ke juyi kamar an tilasta mata,
gado na tara namu ne, ni da Gwaggo Tasalla.
Na goma na wata tsohuwa ce, an ce 'yar Nsukka,
da 'yarta Obiageli mai dogon wuya.

Daren farko na cusa jakata ƙarƙashin filo.
Tun ina goye nake ji a tsakar gida:
waɗannan, in kwabo ya faɗa rijiya,
da ka za su bi shi.
Na waiga, sai ga ta tana ɗaure tata jakar
da igiyar caja, ƙulli uku,
idonta a kan mayafina
kamar wuƙa nake renon ta a ciki.

Sista Morenike ta zo da allura,
muryarta ta riga ta isowa.
Gwaggo ta yi ƙasa da murya: "Su fa ko gaisuwa sai da faɗa."
Sista ba ta ko juyo ba:
"Ku kuma ba kwa zuwa sai ciwo ya ci rabin mutum.
An sha saiwa, an sha sassaƙe, sannan a tuna da mu."
Da Hausa ta faɗa, Hausar Tudun Wada tsaf.
Gwaggo ta ja zane ta rufe fuska,
zanen yana rawa. Dariya take.

Kwana na uku aka miƙo takardar magani.
Obiageli ta matso, da kyakkyawar niyya:
"Kawo in karanta miki."
Ni da na shekara goma sha ɗaya
ina koyar da lissafi a Ƙofar Gayan!
Na haɗiye, ya tsaya min a wuya kamar ƙaya.

Da yamma na rama ban sani ba.
Na ce, "In an sallame ku, gida za ku koma?"
Ta ce, "Wane gida?
A Sabon Gari aka binne cibiyata,
bayan shagon babana na kayan keke.
In na je can, su ce ga 'yar Hausa ta zo.
In na dawo nan, ki tambaye ni yaushe zan tafi."
Na rasa inda zan ajiye idona,
na ajiye shi a kan robar ƙarin ruwa,
ina ƙirga ɗigo.

Tsofaffin biyu ba su damu da mu ba.
Ɗaya ta shanye gefen dama, ɗaya numfashi ke wahalarwa.
Tsohuwar ta ƙi shayi, ta ƙi shinkafa,
sai kunun tsamiyar da ke cikin fulas ɗinmu.
Gwaggo kuwa, mai cewa miyarsu wari take,
na kama ta tana lasar yatsa.

Ƙarfe biyun dare, ranar Laraba,
Gwaggo ta zame, rabin jiki a ƙasa.
Ban kira kowa ba.
Hannu biyu dai na gani a ƙarƙashin kafaɗarta,
da murya a kunnena: "Ɗaga ƙafafun. Ɗaya, biyu."

Ranar Asabar aka naɗe katifar gado na goma.
Ban san yadda suke ta'aziyya ba,
na ce abin da muke cewa.
Ta amsa da abin da muke amsawa.
Ta manta igiyar cajarta a jikin ƙarfen gado,
har yanzu da lanƙwasar ƙullin nan uku.

Yau an kawo wata daga Gboko,
da ƙanwarta mai tsagar haƙori.
Mun gaisa.
Sai na tsinci hannuna a kan jakata,
ya kama hanyar filo shi kaɗai,
kamar akuyar da ta san gida.

Na tsaya ina kallon sa.
Ita ma tana kallon sa.